Ruwan da Ya Zo Mana ta Baya

Ni 'yar Gumel ce, kuma a gidanmu ruwa iri biyu muka sani, na rijiya da na sama. Akwai na uku, kududdufin bayan gari, amma shi Inna ba ta yarda ko a ambace shi ba. Kusan kowace damina sai an ce ya ci ɗan wani, don haka dokarta ɗaya ce: duk ruwan da ya wuce idon sawu ba namu ba ne. Da wannan tarbiyya na sauka a Birmingham karatun digiri na uku, ni da 'yata Safiya, tana da shekara bakwai. Babanta ya zauna a gida saboda aikinsa.

Unguwar Selly Oak aka fara jefa mu. Ɗaki ɗaya na kama a saman wani gida da muke zaune da wasu ɗalibai, ba wanda ya damu da sanin sunan wani. Kicin ɗaya, firij ɗaya, kowa da gefensa. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka da daddawa, wata yarinya ta sauko ta buɗe tagogi gaba ɗaya, ta koma sama. Na ci tuwon nan ina hawaye, sanyi na shigowa, Safiya tana tambayata ko yaji ne ya yi yawa. Kewar gida ta ci ni a wannan shekarar. Rana ta leƙo kamar ba ta so, kafin ka gama la'asar duhu ya rufe, in ka gai da mutum a Bristol Road ya dube ka kamar za ka roƙe shi wani abu.

Allah ya haɗa ni da Yaya Hauwa, wata nas 'yar Zariya da ta daɗe a garin. A shagon nama muka haɗu. Ta ji ina yi wa Safiya faɗa da Hausa, sai ta juyo ta ce, “Ke baiwar Allah, a wannan sanyin kika fito da yarinya da silifas da safa?” Tun daga ranar ta ɗauke ni ƙanwa. Ita ta kai mu muka yi rajista da GP, wato likitan unguwa, ita ta nuna mini inda ake samun rigunan sanyi na gwanjo, kuma kowace Lahadi da ba ta aiki akwai masa a gidanta.

Maganar teku daga makarantar Safiya ta fito. Duk bayan hutu yara su dawo fata ta yi ja, kowa da labarin bakin tekun da ya je. Ita kuwa labarinta bai wuce laburaren jami'a ba, inda take zama gefena tana zane. Wata rana ta dawo ta yar da jaka ta ce, “Mummy, mu ba ma zuwa holiday ne?” Na ce muna zuwa mana, in Allah ya yarda za mu je Gumel. Ta ce wannan ba holiday ba ne, gaishe-gaishe ne. Yarinya ta faɗi gaskiya.

Ana nan sai ga sanarwa a zauren waya na matanmu. Wani ɗan ƙasarmu da ke unguwar Aston, Ɗanlami, ya shirya bas zuwa bakin teku ranar Asabar. Hoton da ya ɗora kuwa, tubarkalla. Yashi fari tas, ruwa shuɗi, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo. Na kira shi na ce, “Malam, wannan wurin a Ingila yake?”

Ya ce, “Hajiya, nan kusa ne, ko seat ba za ki gama ɗumamawa ba. Ki dai zo ki ga ikon Allah.”

Yaya Hauwa tana fama da aiki a makon, ban dame ta da tambaya ba. Na nuna wa Safiya hoton, ta yi ta tsalle a kan katifa har na ƙasanmu ya bugo silin.

Mun yi shiri kamar masu zuwa suna. Dafa-duka a kula, soyayyar kaza, zoɓo, tabarmar roba, har da buta. A cikin bas na haɗu da wasu mata biyu, su ma ɗalibai ne sababbin zuwa, muka haɗa kai. Da muka sauka na nemi bishiyar kwakwa ko ɗaya, babu. Iska ce ta tare mu tana neman raba mu da mayafi. Yashi launin ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, teku kuwa can nesa, sai ka ƙanƙance ido za ka hango shi. Aka waiwaya neman Ɗanlami, direba ya ce ai shi bai taho ba, a Aston ya tsaya. Ranar ya sha Allah ya isa.

Kusa da titi mutane sun cika. An samu ɗan hasken rana, maza da mata sun tuɓe sun baje kamar an shanya barkono. Muka kalli juna. A nan za mu shimfiɗa tabarma, mu buɗe kula, mu yi alwala, yarinya na kallo? Ɗaya daga cikin matan ta nuna can ciki ta ce, “Ga fili can ba kowa, mu matsa mu samu sirri.” Muka ɗora kaya a ka muka yi ta tafiya a kan yashi mai danshi. Muka tsallake wani ɗan kwari da ruwansa bai rufe tafin ƙafa ba, muka hau wani tudun yashi, muka gangara bayansa inda ba mai ganinmu. Har murna muke mun samu wurin da ba wanda ya riga mu. A saninmu ruwa yana zama inda Allah ya ajiye shi ne. Cewa teku kullum yana janyewa ya tafi ya kuma dawo, in ma mun taɓa karantawa a makaranta, a takarda muka baro shi.

Muka zauna muna fuskantar teku, muka ci muka ƙoshi. Safiya ta manta da kwakwa, tana ta tsintar katantanwa tana cika mini jaka. Ita ce ta hau tudun ta dawo ta ce ga wata tsohuwa can da kare tana ɗaga hannu tana ihu. Mun riga mun sha tsawa a gari ba dalili, ga kuma kare, sai muka ɗauka korarmu take. Na ce wa Safiya ta sauko ta rabu da ita.

Sai da muka tashi salla muka hau tudun muka fuskanci alƙibla, wato wajen gari, sannan muka ga abin da ya faru. Ɗan kwarin da muka tsallake ya zama kogi, yana gudu, ya raba mu da gaɓa. Tekun da muka zuba wa ido a gaba ashe ya zagayo ta baya. Tsohuwar nan ta riga ta shigo ruwan har cinya, tana yafito mu, tana cewa mu bar komai mu taho yanzu-yanzu.

Muka bar kula da tabarma. Na sunkuya na goya Safiya, na ɗaure da mayafi, na shiga ina salati. Sanyin ruwan ya soke ni har ƙashi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. A tsakiya na taka rami, na tafi gaba ɗaya. Da na ɗago bayana ba nauyi, mayafi ya kwance. Ban san irin ƙarar da na yi ba. Na dai ga tsohuwar ta duƙa ta cusa hannu cikin ruwa ta ciro 'yata ta hular rigar sanyi, ta ɗaga ta sama tana tari tana amai.

A gaɓa ta cire kwat ɗinta ta naɗe Safiya, ta zuba mana shayi daga filas, muka yi ta karɓa-karɓa da murfi ɗaya. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta dai kai ni gaban wani allo ta nuna mini inda ake rubuta lokacin janyewar ruwa da na dawowarsa, ta dafa kafaɗata, ta ja karenta ta tafi jiƙe sharkaf. Ban tambayi sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Safiya ta fita daga ruwan, amma tsoronsa ya biyo ta gida. Ta daina shiga bahon wanka, sai a bokiti, shi ma kada ruwa ya taɓa mata fuska. Wanke kai ya zama kokawa. Na kira Inna na gaya mata, ta yi hamdala, sannan ta ce, “To ai gara haka, 'yar nan. Yanzu ko an ce ta je ba za ta je ba, kin huta.” Na yarda da ita a lokacin, don ni ma ko hoton teku na gani sai gabana ya faɗi.

Na gama karatu, Allah ya ba ni aikin bincike a Manchester, muka tattara muka koma wani ɗan flat a Hulme. Na yi zaton sabon gari zai wanke komai. Ashe Manchester cike take da magudanan da jiragen ruwa ke bi a zamanin da, ko'ina ka bi sai ka hau gada. Safiya ta gwammace mu yi dogon zagaye a cikin ruwan sama da ta taka gada. Da ajinsu ya fara zuwa koyon iyo, duk ranar sai ta tashi da ciwon ciki na gaske, har da amai. Malamarsu ta haƙura ta bar ta.

Wata rana na je ɗaukarta da wuri za mu ga likitan haƙori. Na leƙa ta taga na gan ta ita kaɗai a aji, tana fiƙe wa 'yan ajinsu fensira, su sun tafi iyo. Tana da shekara goma a lokacin. A hanya na ce, “Safiya, ba kya jin kaɗaici?”

Ta ɗaga kafaɗa irin ta yaran nan ta ce, “It's fine, Mummy. Ke ma ai ba kya shiga.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na ji haushi, na ji kunya, na kuma ji wani irin taurin kai ya taso mini wanda rabona da shi tun ina budurwa. A makon na je tafkin iyo na ƙaramar hukuma na tambaya, aka ce akwai lokacin mata zalla ranar Lahadi da safe. Na rubuta sunana kafin zuciyata ta canza shawara.

Mai koyarwar wata ƙatuwar mace ce, Jackie, kowa a wurinta “love” ne. Ranar farko na zo da dogon wando da rigar Baban Safiya, na shiga wurin da ruwa ke iya ƙugu, na ƙanƙame ƙarfen gefe. Ta ce in sa fuska a ruwa in hura iska. Na yi bisimilla na sa, maimakon in hura sai na zuƙa. Na ɗago ina tari, ido jajir. Wata tsohuwa 'yar Somaliya da ke gefena, tana yawo a kan ruwa kamar gora, ta yi mini dariya har da riƙe ciki, sannan ta kamo hannuna ta ce, “Sabr, sister.” Na sha ruwan tafkin nan ba kaɗan ba. Sau da yawa na fito na rantse ba zan koma ba, Lahadi na zagayowa in ɗauki jaka.

Safiya kuwa ba ni da inda zan bar ta, dole ta biyo ni. Ban taɓa ce mata ta shiga ba. Tana zama a benci da littafinta, ta juya wa ruwan baya. Bayan wani lokaci na lura ta koma zaman gefe, tana satar kallo. Daga baya littafin ma ta daina buɗewa, har ta fara yi mini gyara: “Mummy, ƙafarki! Jackie ta ce kick, ba rawa ba!” Ranar da na ƙetare tafkin daga wannan bango zuwa wancan ba tare da na taka ƙasa ba, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ɗakin ya amsa, Jackie ta firgita ta ɗauka wani abu ne ya same ni, matan suka yi ta tafi. Na duba na ga 'yata a bakin ruwa, ta cire takalmi, ta zura ƙafa.

Daga nan abin ya yi sauri, yaro ba kamar babba ba ne. Kafin sanyi ya fita ta fi ni iyawa. Amma ranar da na yi mata maganar teku sai fuskarta ta canza. Ta ce tafki yana da bango huɗu, kana ganin iyakarsa, ba ya motsi. Teku kuwa yana bin mutum. Na gane aiki bai ƙare ba.

A ofis ɗinmu, da zarar an shiga sabuwar shekara ba a da hira sai ta inda za a je shan rana. Da na ce ni ma bana zan kai 'yata bakin teku mai zafi, sai shawara ta yi mini yawa. Wannan ya ce Karibiyan, waccan ta ce Tailan, wani ya nuno tsibiran da ake kwana a ɗaki a kan ruwa. Su hoto suke dubawa su zaɓa. Ni kuwa hoto ya taɓa cin amanata, ga fasfona kore ne, wasu wuraren sai na yi ta jelen biza. Ina kuma son inda zan ci nama ba tare da tambaya ba, in ji kiran salla, in shiga ruwa da doguwar rigata ba wanda zai bi ni da ido. Sannan ya zama inda Baban Safiya zai iya tasowa daga Kano ya same mu. Na kira Yaya Hauwa a Birmingham, ta ce, “Ke da teku kuma? Ba ki daddara ba? To wannan karon ki tabbatar kwakwar ta gaske ce.”

Muka baje a kan kafet ni da Safiya da kwamfuta, muna cirewa ɗaya bayan ɗaya, har muka tsaya a kan Zanzibar. Duk masaukin da na kira tambayata ɗaya ce, wadda na tabbata ba su saba ji ba: ruwanku yana tafiya ya dawo? Wani dattijo mai masauki ya amsa mini sallama cikakkiya, ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce a arewacin tsibirin akwai inda ruwa ba ya nisa, kusan yana nan yini guda. A gabas kuwa yana janyewa har ka daina ganinsa sosai, mutane su yi ta tafiya a kan farin yashi, sannan ya dawo. Na yi masa godiya na kashe waya na ce, “Shi ke nan, arewa muka nufa.”

Safiya tana ta jan zaren kafet. Can ta ce, “A'a. Gabas.”

Na ce, “Ba ki ji abin da ya ce ba? Na gabas shi ne mai dawowa.”

Ta ce, “Na ji. Wancan karon ban ga zuwansa ba, Mummy. Ina so in tsaya in ga yana zuwa.”

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Babanta da ya ji ya ce sam, me ya kai mu neman magana, ga inda ruwa ke zaune lafiya. Na saurare shi har ya gama, sannan na ce, “Abban Safiya, yarinyar nan ta shekara uku tana gudun ruwa. Yau ita da bakinta ta ce za ta tsaya. Ba ni zan ce mata ta koma ba.” Ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya tsare, ya kuma ce shi dai daga gindin bishiya zai yi kallo.

Kwakwar ta gaske ce. Zafin da ya tare mu a filin jirgi ya sa na kusa kuka don daɗi, ƙasusuwana suka saki. Washegari na duba allon lokutan ruwa na masauki, na sake tambayar dattijon, ya nuna mana wuri shimfiɗaɗɗe kusa da gaɓa, ba kwari ba rami. Baban Safiya ya samu inuwa ya zauna da kaftani da hula, carbi a hannu, bakinsa na motsi. Mu kuwa muka taka kan yashin da ruwa ya bari, muka tsaya muna fuskantar teku.

Ya taho a hankali, siriri, yana sheƙi. Safiya ta kama hannuna. Ya lashi yatsunmu ya koma, ya sake zuwa ya rufe idon sawu. Farcenta ya shiga tafina. Na ce, “In kin ce mu koma, mu koma.” Ta girgiza kai, idonta a kan ruwan. Ya kai gwiwa. Ya kai mata ƙugu, rigarta ta taso tana lilo. Ina jin numfashinta, irin wanda Jackie ta koya mana, ja ta hanci, saki ta baki. Da ya kai mata ƙirji sai ta saki hannuna, ta ja iska, ta nutsa kai da kanta.

Ban bi ta ba. Na tsaya ina kallon inuwarta tana tafiya a ƙarƙashin ruwa garau, hawaye na zubo mini, ban ko share ba. Ta ɓullo can gaba, ta furzar da ruwan gishiri, ta kwanta rigingine tana dariya, teku na ɗaga ta yana saukewa. Sannan ta juya wajen gaɓa, ta haɗa hannu a baki, ta ƙwala kira da Hausarta ta 'yan Manchester: “Abba! Da ɗumi! Cire hular ka shigo!”

Na waiwaya. Bawan Allah ya miƙe tsaye, ya sa carbi a aljihu, yana naɗe ƙafar wando.